Guza da Famfon Kamfanin Mai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Guza ne dai, wannan babban ƙadangare na bakin ruwa, yana zaune a Tafkin Kalmaro da matarsa da 'ya'yansa uku. Ba abin da yake so a duniya kamar ƙwai.

Ana nan sai ga mutanen kamfanin haƙar mai, da hulunan kwano. Manajansu ya ce, "Ina wakilin jama'ar nan?"

Kafin kowa ya motsa, Guza ya sha gabansa. "Ranka ya daɗe, ga ni."

Manaja ya ja shi gefe ya ce, "Mu ba ma ci mu kaɗai. Me garinku ke so? Asibiti ko rijiyar burtsatse?"

Guza ya lashe baki. "Ruwa ga tafki. Lafiya ga ta, ka dube ni. Ƙwai ne ba mu da shi."

Manaja ya ji daɗi. Aka kawo takarda, Guza ya dangwala hannu. Amma kamfani na son hoto, sai aka kafa kan famfo jikin ƙarfe, babu rijiya a ƙarƙashi. Aka yi tafi, aka ɗau hoto, aka watse. Duk Juma'a kuwa ana kai wa Guza kwandon ƙwai ta bayan gida.

Agwagwa ta murɗa famfo, shiru. Guza ya ce, "Ruwa na hanya." Kunkuru ya murɗa, shiru. "Ruwa na hanya."

Rannan bututun kamfani ya fashe. Baƙin mai ya rufe tafki, kifaye suka taso ciki sama. 'Ya'yan Agwagwa bakwai suka shiga wanka, ba wanda ya fito.

Dabbobi suka kama Guza, za su jefa shi cikin baƙin ruwan. Ya ce, "Ku jefa ni. Amma wa ya san ƙofar manaja in ba ni ba? Ku ba ni kwana uku in kawo ruwan."

Suka dubi juna, suka sake shi.

Ya kwana biyu a bakin ƙofar kamfani. Da aka bari ya shiga, sai ya tarar da sabon manaja. Wannan ya ɗauko takarda ya ce, "Jama'arku sun ce suna da ruwa. Wannan ba hannunka ba ne?" Ya ba shi kwandon ƙwai da hula, aka raka shi waje.

Guza ya lallaɓa gida. Ya tarar da matarsa zaune, 'ya'yan uku kwance an lulluɓe su. Ƙishi ya kai su tafki, sun sha.

Ya tsaya da kwando a hannu. Matar ba ta dube shi ba. Ta ce, "Sun yi ta tambayata ko ruwan Baba ya iso."

Can sai ga Agwagwa. Guza ya sunkuyar da kai, yana jiran zagi. Ta zauna kusa da matarsa ta ce, "Ya haƙuri?"

Washegari dabbobi suka ɗaure kaya suka bar tafkin. Ba wanda ya taɓa Guza, ba kuma wanda ya kira shi.

Ƙurunƙus kan busasshen kifi. Duk wanda za a tambaya abin da gari ke so, a fara ba shi abinci ya ƙoshi tukuna.