Tafiyar Safen Alhaji Buraima

Akwai wani dattijo a Zongon Lome mai suna Alhaji Buraima. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana fito wa 'yan kasuwa da kayansu daga tashar jirgin ruwa, aikin da ake ce wa transitaire. Mutum ne mai tsafta, mai ji da kansa. Ko burodi zai saya a bakin layi, sai ya hau babur. Yakan ce tafiyar ƙasa ta wanda ba shi da abin hawa ce.

Matarsa, Hajiya Salamatou, tun suna yara ya san ta, a tsohon Zongo na cikin gari, kafin a tashe su a dawo da su nan arewacin Lome. Ƙofar gidansu na kallon ta gidan su Buraima. Har ya tsufa yana ba da labarin yadda take tsallake kwata da bokitin ruwa a kai ba ta zubar da ko ɗigo ba.

Shekara arba'in da ɗaya suna tare. Ran wata Talata bayan azahar ta ce kanta na ciwo, za ta ɗan kwanta. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinSa.

Da aka yi addu'ar arba'in, 'yan uwa suka watse, gida ya yi shiru. Alhaji Buraima ya jawo kujera ya ajiye a baranda, daidai inda Hajiya ke zama tana tsince shinkafa, ya zauna. Nan yake wuni. Masallaci na bayan gida, amma ya daina zuwa, sai dai ya yi salla a ɗaki. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. In ya miƙe tsaye, sai ya dafa bango.

'Yarsa Nafissatou, ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a unguwar Agbalépédo. Wata Asabar ta zo da na'urar gwajin hawan jini, ta ɗaura masa a hannu. Da ta ga abin da na'urar ta nuna, ta dube shi.

"Baba, ça ne va pas, abin bai yi kyau ba. Jininka ya hau sosai. Magani kaɗai ba zai yi ba, sai ka riƙa motsawa."

"In motsa in je ina?"

"Ko'ina. Ko zuwa bakin layi ne. Wata biyu na ba ka, Baba. In bai sauka ba, zan kulle gidan nan in tafi da kai wurina. Na rasa Mama, ba zan zauna ina kallo in rasa ka ba."

Maganar ta tsaya masa a rai. Gidan nan shi da Salamatou suka gina shi, ɗaki bayan ɗaki. Ita ta dasa mangwaron tsakar gida shekarar da aka haifi Nafissatou. Gyalenta ma na nan rataye a bayan ƙofa, bai bari kowa ya taɓa ba. Ya bar nan ya tafi ina?

To, a ƙarshen layinsu akwai wani tsoho, Malam Alassani. Da can ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, buhunan shinkafa da siminti ya sha ɗauka har bayansa ya ɗan ranƙwafa. Matarsa Assana ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun daga lokacin, kullum aka idar da sallar asuba sai a gan shi yana tafiya a hankali yana kaɗa hannuwa, ya je bakin babban titi ya dawo.

Wata safiya Malam Alassani ya yi sallama a ƙofar Alhaji Buraima.

"Alhaji, barka da asuba. Yaya ƙarin haƙuri? Zan ɗan taka zuwa bakin titi, na ce ko za ka raka ni."

Alhaji Buraima ya dube shi daga sama har ƙasa. "Malam Alassani, ni ban saba yawon banza ba. Ka je abinka."

"To, Alhaji. Allah Ya ba da haƙuri."

Washegari ya sake zuwa. Ya sake jibi. Ba ya tsawaita magana, gaisuwa ce da tambaya ɗaya, in aka ce a'a ya wuce. A rana ta tara Alhaji Buraima ya gaji da korarsa, ga kuma maganar Nafissatou na cin sa. Ya zura silifas ya ce, "Zuwa kwanar can kawai. Ba don komai ba, don ka ƙyale ni."

Daga ƙofarsa zuwa kwanar bai fi gida shida ba. Kafin su isa, gumi ya jiƙa masa riga, numfashinsa na fita sama-sama. Ya zube a kan bencin wani tela da bai buɗe shago ba tukuna. Kunya ta kama shi. Mutumin da ake miƙe masa tsaye a ofisoshin tasha, yau gida shida sun kayar da shi.

Malam Alassani ya zauna kusa da shi kamar shi ma ya gaji. "Ya isa na yau, Alhaji. Ranar da na fara, ko nan ban kawo ba."

Haka suka ci gaba. Mako na farko kwana ce iyakarsu. Mako na biyu suka kai wurin mai koko da ƙosai. Alassani ya koya masa ya riƙa ɗaga hannuwa sama a hankali, ya juya wuya, ya ja numfashi ta hanci. Alhaji yana yi yana waige-waige kada wani ya gan shi.

Ana cikin mako na uku, wata mata ta fito daga wani lungu ta shiga gabansu. Atamfar jikinta shuɗiya ce mai zanen ganye, irin wadda Salamatou ta ɗinka a sallar da ta wuce. Har ɗaurin ɗankwalin ya yi kama. Alhaji Buraima ya tsaya cak. Bai san lokacin da kuka ya ƙwace masa ba, a tsakiyar hanya, masu babur na wucewa suna kallo.

Ya koma gida ya rufe ƙofa. Kwana biyar bai fito ba.

Kwana biyar ɗin nan, Malam Alassani bai ƙwanƙwasa ba. Sai dai ya zo ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya ɗan jima, ya tashi ya yi tafiyarsa. Alhaji na jin tarinsa daga ciki. A rana ta shida ya buɗe.

"Malam Alassani, na ji kunya. Namiji da gemu yana kuka a titi."

"Alhaji, titin nan ya san hawayena kafin naka. Ni da ƙanshin miyar kuɓewa irin ta Assana kaɗai ke sa ni tsayawa? Ka bar shi ya zubo, in ya gama mu ci gaba."

Suka ci gaba. Sannu a hankali kumburin ya fara sauka. Barci ya dawo masa. Ya koma masallaci. Ranar da suka kai bakin babban titi, Alhaji ya tsaya yana kallon manyan motoci da suka ɗauko kaya daga tasha suna nufar arewa. Ya fara nunawa da yatsa: wannan Yamai za ta, wannan Wagadugu, waccan tayal ta ɗauko, dubi yadda ta zauna. Rabon da a ji muryarsa haka tun Hajiya na da rai.

Da wata biyu suka cika, Nafissatou ta zo da na'urarta. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta yi murmushi. "Bai gama sauka ba, Baba, amma ya kama hanya. Ka zauna a gidanka. Ka gaishe mini da Baba Alassani."

Washegari, bayan sun dawo daga titi, suka zauna a bencin telan nan suna hutawa. Alhaji Buraima ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Malam Alassani, akwai abin da ke damuna. Lokacin da Assana ta rasu, ka fara wannan tafiya, na taɓa nuna ka a majalisa na ce tsohon nan ya fara zarewa. Aka yi dariya. Ka yafe mini."

"Na ji ka ranar, Alhaji. Farar hula ce a kanka."

"Ka ji? Kuma ka zo ƙofata sau takwas ina korarka?"

Malam Alassani ya share fuska da tafin hannu.

"Ba ka sani ba ke nan. Da Assana ta rasu, ba ni da mai dafa mini. Kwana uku ban sa komai a bakina ba sai ruwa. Hajiya Salamatou ce ta lura. Kwana arba'in cur, kullum sai kwanon abinci ya zo daga gidanka. Ranar ƙarshe ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce mini, 'Malam, zama ba zai dawo da ita ba. Ka fita ka sha iska, ko zuwa kwana ne.' Ita ta fito da ni, Alhaji. Ta yaya zan bar mijinta ya ruɓe a kan kujera?"

Alhaji Buraima ya dube shi. Shekara arba'in da ɗaya yana tare da matar nan, yana tsammani babu abin da bai sani ba game da ita. Hawaye ya zubo masa, wannan karon bai waiga ya ga ko ana kallo ba.

Can ya dafa gwiwa ya miƙe, ya miƙa wa Alassani hannu ya tashe shi.

"Taso, ɗan'uwa, mu ƙara zagaye ɗaya. Ka faɗa mini duk abin da ta dafa maka, tun daga ranar farko."

Darasi: Baƙin cikin rashi ba ya fita da zaman ɗaki, kuma jiki amana ne ko da zuciya ta karye. A fara da taku kaɗan, a yi kuka in ya zo, a ci gaba. Kada ka raina wanda ka gani yana fama da nasa ciwon, wataƙila shi Allah zai turo maka ranar naka. In akwai wanda ya rasa abokin zama a layinku, je ka ƙofarsa gobe da safe, kuma ka tura wannan labari ga wanda kake ganin yana bukatarsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.