Jan Biron Malama da Kwamfutar Injiniya

Akwai wata dattijuwa, tsohuwar malamar lissafi, wadda ta shekara goma sha tara tana koyar da wasan ches, wato darar Turawa, a wani ɗaki da ke bayan laburare. 'Yan kulob ɗin suna kiranta Mai Jan Biro, domin duk wanda ya buga wasa sai ya kawo mata takardar da ya rubuta tafiyarsa, ta bi ta layi-layi tana zagaye kurakurai da ja.

Wata rana sakataren kulob ɗin, wanda ake ce wa Injiniya, ya bayar da dokinsa, ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan ches, da gangan a tsakiyar wasa, daga ƙarshe aka cinye shi wasan. Malama ta zagaye wurin, ta rubuta a gefe: "Ganganci."

Abin ya tsaya masa a rai. Ranar taro ya shigo da kwamfuta a hammata, ya buɗe ta a gaban kowa.

"Jama'a, ku matso ku gani. Tafiyar da Malama ta kira ganganci, na'ura ta ce babu wadda ta fi ta. Baba, da girmanki, lokacinki ya wuce. Ki ba da makullin kabad ɗin allunan wasa, ki je ki huta. Ga sabon malami nan, ba ya mantuwa, ba ya ciwon gwiwa."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malama ta gyara tabarau, ta daɗe tana duban fuskar kwamfutar.

"Na'urarka ta yi gaskiya," in ji ta. "Tafiyar tana da kyau. Amma ba dokin na zagaye ba, ɗana, hannun da ya bayar da shi na zagaye. Rufe ta."

Ta jera 'ya'yan wasan daidai yadda suke a ranar, ta ajiye makulli da jan biron a gefen allo.

"Bayar da dokin. Idan ka cinye ni, ka ɗauki duka biyun, ba za ku sake ganin ƙafata a ɗakin nan ba."

Injiniya ya zauna yana murmushi, domin ya haddace tafiya takwas da kwamfutar ta nuna masa. Ya bayar da doki, Malama ta ci. Ya kawo sarauniya. Maimakon Malama ta janye sarkinta kamar yadda ya haddace, sai ta tura wani ƙaramin soja na gefe gaba da taki ɗaya.

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi allo, ya saci kallon kwamfutar da ke rufe.

"Ai ba haka ake yi ba," in ji shi.

"Ni haka na yi. Kuma ina gaya maka, tafiyar nan tawa ba ta da ƙarfi. Wanda ya san dalilin bayar da dokin zai gama da ni yanzu. Bismilla."

Wani tela da ke tsaye a baya ya ce, "Injiniya, ko a kira maka malamin naka ne?"

Injiniya ya ci gaba da wasan. Bai ƙara tafiya goma ba sarkinsa ya rasa mafita.

Malama ta mayar da makullinta jaka. Sannan ta jawo kwamfutar da kanta ta tura masa.

"Yanzu buɗe ta, ta nuna mana inda ya kamata ka kashe ni. Ni ma ina so in koya."

Da aka gani, ta rubuta tafiyar a littafinta, ta zagaye sojan nata da ja, ta rubuta a gefe: "Ganganci, amma ya ishi Injiniya."

Darasi: Na'ura tana iya ba ka amsa, amma ba za ta zauna a kujerarka ranar gwaji ba. Ka tambaye ta, ka kuma riƙe malamin da zai fahimtar da kai dalili, kada ka wulaƙanta shi da ilimin aro. Ku tura wa duk wanda ya fara ɗaga wa malaminsa hanci saboda abin da waya ta gaya masa.