Tankin da Aka Ɗaure wa Baki

Mijina Habila ba ya nan. Ya rasu kafin damina ta faɗi, kuma tun daga lokacin babu mai tsayawa a gaban ajin manya na makarantar Lahadi da yake koyarwa. Fasto ya ce in riƙe ajin kafin a samu wani. Na ce masa ni karatuna bai yi nisa ba. Ya ce in faɗi abin da na sani. To, Habila bakanike ne, na kuma daɗe ina kai masa abinci gareji, ina zaune a gefe ina jin abin da yake gaya wa masu mota. Daga nan na ɗauko misalin nan.

An yi wani manomi mai tsohuwar mota a-kori-kura. Motar ta daɗe tana yi masa aiki, sai kwatsam ta ɗauki wani hali. Za ta tashi lafiya da safe, ta kama hanya, in ta yi ɗan nisa sai ta soma tari, ta yi sanyi, ta mutu. In ya bar ta ta huta sai ta sake tashi, ta yi gaba kaɗan, ta kuma mutuwa.

Duk wanda ya leƙa cikin injin sai ya ce kafireto ne, wato wurin da fetur ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Mutumin ya sa aka kwance kafireto aka wanke. Ba ta daina ba. Aka sake wankewa. Ya canza filogi mai ba inji wuta, ya sayi sabon famfon mai, duk a banza.

Ana cikin haka lokacin dashe ya zo. Ya ciro dashen barkononsa duka daga wurin reno, ya jera a bayan mota, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya nufi fadama. Wannan dashen shi ne noman shekararsa, ba shi da wani. A tsakiyar hanya, inda babu ko inuwa, motar ta mutu. Rana ta ɗaga. Buhun ya soma bushewa, ganyen dashen ya fara langaɓewa. Mutumin ya buɗe bonet, ya ɗauki sifana yana ƙwanƙwasa kafireto yana yi masa faɗa kamar mai ji.

Sai ga wani taubashinsa, bakanike, ya biyo hanyar a kan babur. Ya tsaya ya ce, “Bawana, me ƙarfen nan ya yi maka kake dukansa?”

Manomin ya ce, “Yau ba ranar wasa ba ce. Dubi dashena.”

Bakaniken ya dubi bayan motar, ya daina dariya. Ya tsiyayo fetur kaɗan daga babur ɗinsa, ya ɗiga a bakin kafireto, ya ce a murɗa makulli. Inji ya kama nan take, ya yi ruri, ya sake mutuwa.

Ya ce, “Ka gani? Da aka ba shi ya ci. Yunwa yake ji, ba rashin kunya ba ce. Akwai mai a tanki?”

“A cike yake. Jiya na sha.”

“To, mu bi hanyar man mu ga inda ya tsaya.”

Ya zare tiyon da ke kawo mai ga kafireto, ya ce a sake murɗawa. Ɗigo-ɗigo kawai ya fito. Ya ciro matatar mai ya hura, iska ta wuce sarai, ba ta toshe ba. Ya duba famfo, sabo ne, yana aiki. Ya bi tiyo da hannu ta ƙarƙashin mota, bai ga inda ya lanƙwashe ko ya tsage ba. Haka ya yi ta komawa baya har ya iso bakin tanki. Nan ya tarar babu murfi. An ninka leda an rufe bakin, an naɗe da robar taya tamau. Ledar ta lotsa ciki kamar ana tsotsarta.

Ya ce, “Wa ya ɗaure wannan?”

Manomin ya ce, “Ni ne. Kwanakin baya ɓarayi suka zuƙe mini mai, suka tafi har da murfin. Na rantse ko ɗigo ba zai ƙara fita ta nan ba.”

Bakaniken ya kwance robar. Da ya ɗaga ledar sai tankin ya ja iska, fuuu, kamar mutumin da ya daɗe a cikin ruwa. Ya ce, “Murfin gaskiya yana da ’yar ƙofa da ido ba ya lura da ita. In mai zai fita ya tafi inji, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Kai ka hana ɓarawo, ka hana injinka.”

Bai bar tankin a buɗe ba. Ya mayar da ledar ya ɗaure, ya karyo ƙaya a bakin hanya ya huda ta sau ɗaya. Mota ta tashi, ba ta ƙara tsayawa ba sai fadama. Dashen da ke sama ya riga ya ƙone, amma na ƙasa ya rayu, suka dasa shi tare kafin rana ta faɗi.

Ga abin da misalin yake nufi. Tankin nan zuciyar mutum ce. Man da ke ciki alherin Allah ne da bangaskiyar da ya riga ya zuba mana. Kafireto kuwa shi ne inda matsala ke bayyana a idon jama’a: bakin da ya daina waƙa a sujada, ƙafar da ta daina zuwa zumunta, uwar da ta soma yi wa ’ya’yanta tsawa ba dalili. Mu kuma sai mu ɗauki sifana mu hau dukan wurin. Mu ce wance ta yi sanyi, wane ya ja da baya. Ba mu bin hanya mu koma baya mu ga abin da aka sace masa.

Kada ku ga laifin manomin. An yi masa sata da gaske, kuma wanda aka yi wa rashi yakan ɗaure bakinsa don kada ya ƙara rasa wani abu. Na san wannan ɗaurin. Bayan jana’izar Habila, kowa ya gaishe ni sai in ce lafiya lau, mun gode Allah. In durƙusa addu’a in fara, in yi ɗan nisa, in tsaya. Na ɗauka bangaskiyata ce ta ƙare. Ran nan Mama Tabita, tsohuwar da ke share mana majami’a, ta shigo ɗakina. Ba ta yi mini wa’azi ba. Ta zauna a tabarma ta ce, “’Yata, me ya fi yi miki wuya a yini?” Na ce lokacin kai abinci. Daga nan kuka ya zo, addu’a kuma ta biyo bayansa. Ai Ubangijinmu ma ya yi kuka a gaban mutane a bakin kabarin abokinsa.

Ku lura kuma, huda ɗaya aka yi da ƙaya. Ba a ce ka buɗe cikinka ga duk gari ba. Mutum ɗaya mai riƙon amana ya isa. Amma kada ka jinkirta, domin akwai dashe a bayanka: ’ya’yanka, aurenka, waɗanda ke dogara da kai, kuma rana tana dukansu yayin da kake tsaye.

Ina roƙonku mu sunkuyar da kai mu yi addu’a tare.

Ya Uba, ka san waɗanda ke zaune a cikinmu yau da baki a ɗaure, suna cewa lafiya lau. Ka san abin da aka ɗauke musu. Kada ka bar mu mu doke su a inda ba su da laifi. Ka ba mu haƙurin zama kusa da su mu yi tambaya a hankali. Wanda kuma ba shi da kowa, ka aiko masa da wani a kan hanyarsa tun dashensa bai bushe ba. Cikin sunan Yesu muke roƙo. Amin.