Ƙullin Ganyen Kwakwa

Kai Ɗanjuma, kashe rediyon nan, ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma kada wanda ya ce mini "ai duk sun yi ƙoƙari". Wannan amsar ragwaye ce, ba na karɓar ta.

A wani gari na Arewa an yi wani dattijo, Alhaji Mamuda, mai kamfanin ɗura manja a kwalba. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa kayan, Manjan Iya Kande, domin ita ta fara sana'ar da ɗan gwangwani a ƙofar gida. A jikin kowace kwalba ya sa aka rubuta: "Mun san bishiyar da ya fito." Magana mai daɗin karantawa, amma ni da ku, Alhaji bai taɓa ganin bishiyar da idonsa ba. Wani dillali ne ke kawo masa jarkoki daga wani ƙauye can cikin kurmin kudu, da takarda mai hatimi, shi kuwa ya karɓa ya ce madalla.

Kwatsam sai manyan kantunan da ke sayen kayansa suka aiko cewa ranar Alhamis za su turo mai bincike. Zai ɗauki kwalbar da ya ga dama, ya tambayi wa ya matse man, a wace gona, kuma ko an ƙona daji kafin a same shi. In ba amsa, za a kwashe kayan daga kantuna, ma'aikata sittin su koma gida, sunan Iya Kande ya zama abin dariya a kasuwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci wa Alhaji rai.

To, 'ya'yansa uku ne a kamfanin: Tabawa, da Jatau, da Sallau.

Tabawa ce ke kula da injin ɗuri. Ranar Asabar aka sauke jarka ɗari biyu, sai ta tsoma yatsa a ɗaya ta murza a tafin hannu, yadda ta ga kakarta tana yi. Ta wanke da sabulu, ta yi alwalar azahar, jan nan yana nan daram kamar lalle. Ko shawara ba ta yi ba, ta je ta kashe inji. Alhaji ya fito yana faɗa, yana kaɗa takardar dillali, ita kuwa sai ta buɗe masa tafin hannunta. Ta bi jarkokin nan ɗaya bayan ɗaya har hannunta ya yi tsami, ta ware arba'in da aka zuba wa rini. Da ba don ita ba, da man nan ya shiga kwalba, ya shiga tukunyar mutane.

Jatau shi ne mai jera kaya a sito, mutum ne shiru-shiru mai son sanin dalilin komai. Da Alhaji ya ga rinin, ya rantse ya gama da ƙauyen nan gaba ɗaya. Jatau ya ce a dakata. Ashe kowace jarka takan zo da ɗan ƙullin ganyen kwakwa a mariƙinta, kuma tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce Alhaji ya ba da umarni a riƙa yanke shi a zubar, wai datti ne, kamfani yana son tsabta. Shi kuwa Jatau sai ya riƙa tara su a kwando yana kwatantawa. Ya ce, "Baba, datti ba ya zuwa iri bakwai, kullum iri bakwai." Aka duba, sai ga jarka ɗari da sittin kowace da ƙullinta na ganye, arba'in ɗin rini kuwa da koriyar leda aka ɗaure su don su saje. Jatau ya raba man gida bakwai, ya sa aka ɗura kowane daban, ya rataya masa ƙullinsa. Da ba don shi ba, da an haɗa mai gaskiya da maƙaryaci an yi musu kora ɗaya.

Amma fa ƙulli ba shi da baki. Sallau, wanda ke tuƙa motar kamfani, ya zuba ƙulli bakwai da ledar nan a aljihu ya kama hanya. Damina ce, ruwa ya cinye gada, ya bar motar ya haye a kwalekwale. Da ya isa, matan ƙauyen suka juya masa baya, domin dillali ya riga ya aika musu cewa kamfani ya kira su mazambata. Sallau bai tsaya gardama ba. Ya naɗe hannun riga, ya karɓi taɓarya, ya shiga dakan kwakwa tare da su har tafinsa ya yi kanta. Sai da yamma wata tsohuwa, Mama Saraya, ta ce ya nuna mata abin da ya kawo. Ta ce kowane gida da ƙullinsa, 'ya ke gada a wurin uwa, don a san man wa ne. Ledar kuwa ta waɗanda suka ƙona kurmin gari ne shekarun baya suka dasa kwakwa, suna sare ta tun ba ta nuna ba, man ya fito fari-fari, sai dillali ya gyara shi da rini. Sallau ya lallashi tsohuwar nan, wadda ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba, ta biyo shi. Da ba don shi ba, da ƙullin yana nan a kwando ba mai karanta shi.

Da hantsin Alhamis mai bincike ya zo, ya miƙa hannu can ƙuryar kwali ya zaro kwalba. Jatau ya ɗauko ƙullinta ya ba Mama Saraya. Ta juya shi sau ɗaya ta yi murmushi. "Na Rifkatu ne, bahaguwa ce, ga shi ƙullin ya kwanta hagu. Bishiyarta tara a bayan rafi, kakanta ya dasa su." Ya ɗauko ta biyu, ta faɗa. Ta uku ma haka. Mutumin ya rufe littafinsa ya ce shi kam ya gamsu. Aka sallami dillali, aka koma sayen mai kai tsaye daga hannun matan.

Alhaji fa kunya ta kama shi ƙwarai. Shekara goma sha ɗaya amsar tana zuwa har ƙofarsa, shi kuma yana sa a yanke ta da wuƙa. Ya ce ya sauka daga bakin sito, zai miƙa makulli ga ɗaya cikin 'ya'yansa, wanda daga yau shi zai ce "karɓa" ko "mayar". Ya ce mutum ɗaya zai ba, domin in baki uku ke magana a ƙofa, wani dillalin zai sami inda zai ratsa. Mama Saraya ta tsinko ganye ta yi wa makullin ƙullin gidanta, ta sa masa a hannu, ta ce ita ba ruwanta da wannan shari'ar.

Ga shi nan a tsaye da makulli, 'ya'ya uku a gabansa. Ɗaya ta gano cuta ta hana ta shiga kwalba. Ɗaya ya adana abin da kowa ya kira datti. Ɗaya ya je ya kawo mai karanta shi. Ɗanjuma, na ga bakinka yana motsi tun ɗazu, kai za ka fara. In kai ne Alhaji Mamuda, a tafin wa za ka ajiye makullin nan?