Dalilin da Ya Sa Ramin Suri Yake a Karkace

Dalilin da ya sa kuke ganin suri da haƙarƙari a jiki, ramukansa kuma a karkace, rigima ce. Ku matso ku ji.

A da, gidan gara sumul yake kamar tukunyar da aka kife, babu ko 'yar kafa a sama. Sai aka yi wata muguwar bazara. Zafin rana da na jikin gara suka haɗu a ciki, ƙwan Uwar Gara ya fara bushewa. In ƙwan nan ya ƙare, zuriya ta ƙare.

Kyallu, shugabar magina, ita ta gina gidan, don haka duk ƙwan da ya mutu sai ta ji kamar ita ta kashe shi. Ta sauka ƙasa ta ji da dama-dama, ta hau sama ta ji kamar tanda. Nan ta gane zafi hawa yake yi, ya rasa mafita. Ta ce a huda rufin a miƙe.

Barau, shugaban masu gadi, mai ƙaton kai da taurinsa, ya tare hanya. Ya ce miƙaƙƙen rami ruwan sama zai bi, ƙadangare ma ya zuro harshe. Sai dai a huda ta gefe, can ƙasa. Aka huda. Zafi ya yi zamansa daram. Kafin azahar ƙwan ɗaki guda ya tafi.

"Malam Barau, ka kauce," in ji Kyallu. "In babu 'ya'ya, gadin me za ka yi?"

"Yaya Kyallu, sai dai ki bi ta kaina."

Ta kama haƙa tana yin sama, shi yana tunkuɗa ta gefe, babu mai sassautawa. Ƙasar da ta haƙo kuwa, magina suna fitarwa suna liƙa wa bango tsiri-tsiri kamar haƙarƙari, don babu lokacin shafewa. A haka ramin ya ɓulle waje a karkace.

Can sai huci ya bi ramin ya fice, sanyi ya kutso ta ramin Barau na ƙasa. Tsirin bangon ma iska ta samu wurin lasa, ta riƙa kwashe zafin. Rabin ƙwai ya tsira. Kyallu ta zauna ta yi kukan ɗaya rabin.

Shi ya sa har yau gara ba ta gina sumul. Ku ɗora hannu a bakin ramin, za ku ji ɗumi na fitowa. Amma duk wanda na kama yana toshe shi da kara, ni da shi ne, don 'ya'yan wasu ne a ƙasa.