Ranar da Tela Ya Ɓoye Magudana

A unguwarmu akwai wani tela wanda in dai maganar ɗinki ce ba a ja da shi. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, kuma ba ya saɓa ranar karɓar kaya sosai kamar sauran teloli. Aibinsa guda ne, ba ya iya jure a gan shi cikin rashi ko gazawa. Ko shara zai fita zubarwa sai ya goge riga. Wata rana zazzaɓi ya kayar da shi kwana uku, na je dubiya, na tarar ya lallaɓa ya tashi zaune ya sa hula, yana ce mini hutawa kawai yake yi. Ni mai aski ne, shagona na kallon nasa, don haka labarin da zan ba ku a gabana aka yi shi, kuma har da hannuna a ciki.

Tela shi ne shugaban ƙungiyarmu, Ƙungiyar Muryar Unguwa, shi ya sa kowa ke ce masa Ciyaman, har matarsa idan tana neman wani abu. Magudanar ruwa ce ta sa muka kafa ƙungiyar. Babba ce, ta ratsa unguwar, ta zo daidai kwanar layinmu ta burme. Duk damina ruwa sai ya taru a wurin ya yi ta cin gindin bangon ɗakin Gwaggo, yayar mahaifin Tela, wadda ta rene shi tun yana ɗan shekara huɗu. Bangon ya tsage daga ƙasa har kusa da rufi. Tsagar ta yi faɗin da Gwaggo kan amsa gaisuwar masu wucewa ta cikinta ba tare da ta sauko daga gado ba. Duk maginin da ya duba sai ya ce bangon nan ba zai ga ƙarshen wata damina ba. An yi an yi da ita ta tashi, ta ƙi. Ta ce shekararta arba'in a ɗakin nan, ba ruwan kwata ne zai kore ta ba.

Shekara biyu muna fafutuka. Sakatariyarmu malamar makaranta ce, Malama muke ce mata, ita ta rubuta wasiƙa goma sha huɗu zuwa ofishin ayyuka, ta bi kowace da ƙafarta. Mun zauna a bencin ofishin nan har mai gadi ya san sunayen 'ya'yanmu. Ana nan sai ga amsa, ran Alhamis injiniya zai zo ya duba da idonsa. Sai dai aiki ɗaya za a yi bana, ga shi mutanen tsallaken titi su ma suna da ƙungiya, suna da tasu magudanar. Inda ya fi lalacewa, nan za a gyara.

Muka taru a falon Ciyaman da yamma. Malama ta karanta wasiƙar, aka yi tafi. Sai Ciyaman ya yi gyaran murya.

"Jama'a, babban baƙo zai zo. Yanzu a haka zai same mu? Ga shara, ga wari, ga rami a tsakiyar layi. Ya koma ofis ya ce ya je unguwar ƙazamai?"

Malama ta ce, "Ciyaman, ai sharar da warin da ramin ya zo gani. Su muka yi shekara biyu muna rubutawa."

"Da baki za mu faɗa masa. Na rubuta jawabi shafi goma sha ɗaya, komai yana ciki. Amma a ce a zamanina aka yi baƙo aka tsayar da shi a bakin kwata? Mu ma masu mutunci ne."

Mai Walda, wanda ba ya tauna magana, ya ce, "To in mun gyara, shi me zai gyara?"

"Ba gyarawa za mu yi ba, Mai Walda, rufewa za mu yi. Kai in surukinka zai zo gidanka, ba ka sa a kawar da wanke-wanke daga tsakar gida?"

Wannan maganar ce ta gama da mu. Kowa ya tuna yadda ake tura kaya ƙarƙashin gado in an ji sallama. Gaskiya ba Tela kaɗai ke da wannan ciwon ba, nasa ne dai ya fi tsanani. Aka ce a ɗaga hannu, Malama da Mai Walda kaɗai suka ƙi. Ni kam na riga kowa ɗagawa, don an ce ni zan riƙe wa baƙo lema.

Kwana uku muka yi muna aikin da ba mu taɓa haɗa kai mun yi irinsa ba. Aka kwashe shara, aka cike ramukan layi da yashi, aka shafa wa duwatsun gefen hanya farar ƙasa. Aka aro tukwanen fulawa daga wani asibiti aka jera. Mai Walda, da yake an rinjaye shi kuma ba ya iya ganin aiki ya lalace a gabansa, shi ya gitta ƙarafa a kan wurin da magudanar ta burme, yana yi yana tsaki. Aka shimfiɗa katako a kai, aka lulluɓe da darduma, aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Shi kuwa Tela yini biyu ya yi a kan keke yana ɗinka wani dogon koren ƙyalle da sunan ƙungiya a jiki. Ran Laraba ya hau tsani ya rataya shi a bangon Gwaggo, daga rufi har ƙasa.

Sai ga muryarta daga ciki. "Wane ne ya toshe mini iska?"

"Ni ne, Gwaggo. Na kwana ɗaya ne, baƙo za mu yi."

"Baƙon ba tsagar ya zo gani ba?"

"Zan yi masa bayani."

"Ɗan nan, tun kana ƙarami haka kake. Ka yi fitsarin kwance, ka kife tabarmar, ka zauna a kai kana yi mini murmushi."

Mu da ke riƙe da tsani muka yi kamar ba mu ji ba. Ciyaman ya sauko yana cewa tsufa ne.

Ran Alhamis Tela ya raba aiki da wayo. Ya tura Malama can gida na uku ta kula da abin sha, wai ita ce ta san tsari. Ya ajiye Mai Walda a ƙarshen layi wajen janareta. Da hantsi Injiniya ya iso. Mutum ne marar hayaniya, ya sa takalman roba har gwiwa, da tef ɗin awo a aljihu. Ya sauko ya ga fulawa da farar ƙasa da mutane cikin kwalliya, sai ya duba takardarsa ya tambayi direba ko sun ɓata hanya. Ciyaman ya tarye shi baki har kunne, ya kai shi babbar kujera, wadda ke daidai saman ramin.

Aka fara jawabi. Ciyaman ya gaishe da manyan baƙi, ya shiga tarihin unguwa, ya gangaro tarihin ƙungiya, ya ɗan taɓa nasa tarihin. Maganar magudana tana shafi na tara. Ana shafi na shida Injiniya ya duba agogo ya ɗaga hannu.

"Ciyaman, a yi haƙuri, ina da wani wurin dubawa. Ina wurin da ya lalace ɗin?"

Ina tsaye bayan baƙo da lema, ina jin katako yana ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafata. Abin da ake buƙata kawai a ce masa ya ɗaga dardumar da yake takawa. Tela ya dubi dardumar, ya dubi ƙyallensa, ya dubi jama'a, sannan ya ba da amsa.

"Ranka ya daɗe, 'yan matsaloli ne irin na yau da kullum. Ka san mu ba mu saba zama mu jira ba, muna taɓa abin da za mu iya."

Mu kuma muka yi tafi. Har yau in na tuna tafin nan sai kunya ta kama ni. Kowa ya san gaskiya, amma ba wanda ke son a ce shi ya kunyata shugaba a gaban baƙo. Gwaggo ta yi ta magana daga bayan ƙyalle, lasifika ta danne muryarta.

Injiniya ya miƙe ya ce, "Shekarata goma sha biyu ina wannan aiki, ban taɓa ganin unguwar da ta riƙe kanta haka ba. Da kowa zai yi koyi da ku, da mun huta." Ya ɗauki hotuna gaba da baya, ya shiga mota. Motar na karya kwana Malama na isowa da tire a hannu. Ta ce, "Ya ga ramin?" Kowa ya juya ya shiga kwashe kujeru.

Shugaban mutanen tsallaken titi wani mai faci ne, bai sa an ɗauke ko tsinke ba. Ya tarye Injiniya da wando a naɗe, ya bi da shi ta inda ya fi muni, har takalmin Injiniya ɗaya ya maƙale a taɓo sai da mutum biyu suka ciro shi. Kuma duk wanda ya san wuraren biyu zai gaya maka tamu magudanar ta ninka tasu lalacewa.

Bayan sati biyu aka aiko mana da takarda biyu. Ta farko ta ce aiki ya tafi tsallaken titi. Ta biyu takardar yabo ce, wai mu ne unguwa mafi tsafta da kula da kai. Malama ta koma ofis ta yi bayani har muryarta ta dishe. Aka buɗe fayil aka nuna mata hotuna, aka ce, "Malama, wannan ba unguwarku ba ce? Ga shugabanku nan yana murmushi." Tela kuwa ya sa takardar yabon a gilashi ya rataye a shago, yana ce wa kowa wannan ma ai ci gaba ne. Amma na lura ya daina bi ta kwanar Gwaggo, sai ya zagaya ta bayan layi.

Ruwan farko mai ƙarfi da rana ya sauko. Yashin da muka zuba ya bi ruwa ya cika magudana. Katakon da muka yi lalacin cirewa ya tare shara. Ruwa ya rasa hanya, ya koma inda ya saba da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ina cikin yi wa wani aski muka ji ƙara kamar an juye tifar dutse. Allah ya taimaka Gwaggo ta shiga maƙwabta hira, ruwan ya tsare ta a can.

Da ya tsagaita muka fita. Bangon ya zube gaba ɗaya, ɗakin Gwaggo yana kallon titi. Ga gadonta, ga akwatunanta, ga kwanukan da ta daɗe tana jerawa sun watse cikin laka, har tsofaffin zannuwanta a kan igiya. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya leƙa. Ita tana tsaye ta harɗe hannu, ba ta yi kuka ba. Tela ya iso da gudu, ba hula, ba takalmi, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya tsaya ya duba, sai ya juya ya ruga shago, ya dawo da koren ƙyallen a kafaɗa yana ta neman inda zai rataya shi.

Gwaggo ta ce, "Me za ka yi da shi?"

"Mutane suna kallo, Gwaggo."

"Bar su su kalla. Da ka bar mutum ɗaya ya kalla ran nan, da yau ina da ɗaki."

Tela ya zauna a cikin lakar nan da ƙyallen a cinyarsa, ya rufe fuska da hannu biyu. Duk son dariyarmu ba wanda ya dara, don kowannenmu ya san inda ya tsaya ranar da ya yi tafi. A yammacin nan muka kwashe kayan Gwaggo zuwa falonsa. Kafin sati ya ajiye shugabanci da kansa, muka zaɓi Malama, ta zauna ta fara rubuta wasiƙa ta goma sha biyar.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda ya fita neman taimako kada ya ɓoye abin da ya kai shi. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ba a gaban wanda ya zo gyara ba. Duk ƙungiyar da aka kafa don ta faɗi kukan jama'a, to faɗin kukan nan shi ne aikinta, ko da shugaba zai ji kunya. Shugaban da ya fi damuwa da yadda za a gan shi, na ƙasa da shi ne ke shan wahalar. Mu ma mabiya muna da namu laifin, domin wanda ya ga ana ɓarna ya yi shiru don kara, shi ma da shi aka yi.