Shinkafar Ilu Dogo

A wata gasar ƙwallon kwando an kafa doka: kada kulob ya biya ɗan wasa fiye da albashin da aka ƙayyade, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye shi kaɗai. Amma duk wani gwani yana kulob ɗin Alhaji Mamuda, shugaban gasar. Albashi dai bai wuce ƙa'ida ba, sai dai duk wata ga buhun shinkafa har gida.

Tanimu, kocin wani ƙaramin kulob, ya yi ƙorafi. Alhaji ya sa aka kira shi gaban kwamiti.

Ya ce, "Kawo hujjar cewa na karya doka, ko yau a kori kulob ɗinka."

Tanimu ya san ko takarda ɗaya babu. Sai ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, tuba nake. Ashe shinkafar da kake ba gwaninka Ilu Dogo ba ladan wasa ba ce?"

"Kyauta ce! Maraya ne, don Allah nake ba shi."

"Ko da ba ya yi maka wasa?"

"Ko da bai taɓa ganin ƙwallo ba!"

"Madalla! 'Yan kwamiti, kun ji. Dama Ilu ya daɗe yana son dawowa kulob ɗinmu na unguwarsu, tsoron rasa shinkafar ne ya riƙe shi."

Alhaji ya zabura zai yi magana, Tanimu ya riga shi.

"In ka janye ta, ta tabbata albashi ce, ga hujjata. In ka ci gaba, Allah ya saka da alheri."

Har yau motar Alhaji tana sauke buhu a ƙofar Ilu, Ilu kuwa ya ci ya ƙoshi, ya je ya zura wa kulob ɗin Alhaji ƙwallo a kwando.